Talatin ga Wata na Biyu

Tungar Ɗorawa, bayan Kuje
9 ga Jimada Awwal, 1447

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da Yusra da jaririyar. Ya karatu, ya Zariya? Idan ka je gida ka gaishe mini da mahaifinka Yaya Lukmanu, ka ce masa 'yar baffansa tana nan da rai tunda shi ya daina tambaya. Mu nan alhamdu lillahi. Hawan jinin Malam ya sauka tun da ya haƙura da gishiri. Ni kuwa gwiwar nan tana nan, mun saba da juna.

Ka san ba na son waya a magana mai nauyi. Sai mutum ya hau tudun masallaci kafin a ji shi, kuma abin da aka faɗa a iska, iska ke tafiya da shi. Shi ya sa na ba Kure direba wannan takarda, tunda yana kai lemo da ayaba daga Zuba zuwa wajenku.

Ranar Talata wata ma'aikaciya mai suna Rukayyat ta zo daga ofishin da ke rabon rijiyoyin burtsatse a Abuja. Mai unguwa ya tara mu a gindin ɗorawa, ta karanta sunayen ƙauyuka goma sha biyar da za a haƙa wa bana. Na kasa kunne har ta naɗe takardar. Babu Tungar Ɗorawa.

Mai unguwa ya tambayi dalili. Ta ce ba son rai aka bi ba, binciken jami'a aka bi. Wai an auna rijiyoyi arba'in har shekara biyu, aka zaɓi waɗanda suka fi ƙafewa da rani, kuma takarda ta nuna tamu cike take da rani.

Muhyiddeen, kowa ya juyo ya dube ni.

Kai ka kawo mini igiyar nan mai ƙulli-ƙulli da ƙarfe a bakinta, da littafi mai layuka. Ka ce kowace safiya in zura ta, in ƙirga ƙulli nawa suka shige kafin ƙarfen ya taɓa ruwa, in rubuta wata da rana da adadin. Na yi. Da ka zo karɓar littafin ka ce, “Gwaggo, wannan shi zai kawo muku ruwa.” Ni kuma na faɗa wa matan da nake koya wa karatu haka, da bakina.

Christiana maƙwabciyata, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce a gaban jama'a, “Maman Mashkura, ba kai ne kana auna rijiya ba? Me ka rubuta masu?”

Ba ka taɓa zuwar mana da bazara ba, to bari in gaya maka. Daga tsakiyar rani laka guga take dawowa da ita. Mata sai rafi, tafiyar awa guda, a tona yashi a zauna jiran ya tsatso. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Ba na zarginka da komai. Ina dai so ka duba ka gaya mini ta inda ruwan ya shiga rijiyarmu a takarda, tunda mu bai shigo mana a ƙasa ba.

Gwaggonka,
Batulu

*

Zariya
8 ga Nuwamba, 2025

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji daɗin lafiyarku. Yusra tana gaishe ki, jaririya ta fara zama. Baba ya ce laifin nasa ne, zai kira Malam. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Na ji zafin abin da ya faru, amma ina so ki gane girman abin da aka yi. Gwaggo, wannan ne karo na farko da aka raba burtsatse a yankin nan da ma'auni. A da, ƙauyen da ke da babban mutum a birni shi ke samu, wani ma ya samu biyu. Shekara guda muka yi muna rarrashin kwamitin kafin su yarda su bi rahotonmu. Yanzu har wasu jihohi suna neman a koya musu tsarin. Idan muka fara cewa “wannan ƙauyen gwaggona ce,” mun koma gidan jiya.

Na buɗe kwamfuta na duba rijiyarku. Tsarin mai sauƙi ne: muna ɗaukar awon Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, mu jera ƙauyuka daga wanda ya fi wahala. A waɗannan watanni littafinki ya nuna ƙulli shida zuwa takwas, duka shekarun biyu. Mita uku ko huɗu ke nan. Akwai ƙauyen da ya kai ƙulli talatin. Lambobin hannunki ne, ban ƙara ba ban rage ba.

Wani lokaci mutane kan tuna shekara ɗaya mai tsanani su ɗauka kullum haka ne, wannan sananne ne a bincike. Ko kuma, ki yi haƙuri da tambayar, akwai kwanakin da gwiwa ta hana ki fita kika cike gurbin daga baya? Ba laifi ba ne, da yawa sun yi haka.

A watan Fabrairu zan kare kundin digirina, kuma rahoton nan shi ne ƙashin bayansa. Ki sa ni a addu'a. In Allah ya yarda za a yi zagaye na biyu na rabon, zan sa ido a kanku.

Ɗanki,
Muhyiddeen

*

Tungar Ɗorawa
25 ga Jimada Awwal, 1447

Ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya raya jaririya, ya ba ka sa'ar kundi. Addu'a kuwa ba sai ka roƙa ba.

Na karanta takardarka sau uku. Na ajiye ta kwana biyu, don Malam ya ce kada in amsa da zafi. Yanzu na huce, ga amsa.

Ban taɓa cike gurbi ba. Ranar da aka kwantar da Malam a asibiti ban auna ba, na ja layi na rubuta “ban auna ba.” Kwana huɗu ke nan. Ranar sunan jikata, ɗaya. Ranar da kunama ta harbe ni, ɗaya. Shida a shekara biyu, je ka ƙirga. Mahaifina, ƙanin kakanka, idan muka rubuta allo muka ƙara ɗigo ɗaya da ba shi a wurin, wankewa yake sa mu yi mu sake tun daga bisimilla. A hannunsa na tashi. Ka tambaye ni ko na manta, ka tambaye ni ko idona ya yi rauni, amma kada ka sake tambayata ko na rubuta abin da ban gani ba.

Kuma ban ce ka sa mu don ni gwaggonka ce ba. Nuna mini layin da na ce haka.

Ranar Litinin muka tafi ofishin da kanmu, ni da Christiana. Mota uku muka shiga. Mai gadi ya ce, “Mama, kina da apointmen?” Na ce ina da magana. Sakatare ya ce oga yana mitin. Muka zauna a benci tun hantsi, na yi azahar a baranda, oga yana mitin. Da la'asar Allah ya fito mana da Rukayyat ɗin nan, ta gane mu, ta shigar da mu. Yarinyar kirki ce. Ta juyo mana da kwamfuta, ga ƙauyuka an jera, wasu ja, wasu rawaya, namu kore shar. Ta ce kore yana nufin muna da ruwa. Christiana ta ce, “To ba ni kwamfuta ɗin in kai gida mu sha a ciki.” Na taka mata ƙafa, amma a raina ban ga laifinta ba.

Rukayyat ta ce ita ba ta da ikon taɓa ko lamba ɗaya. Sai mai binciken ya rubuto da hannunsa cewa akwai gyara, kuma kafin ƙarshen Janairu, don a lokacin kwamiti zai zauna ya sa hannu a kwangila. In an sa hannu, shi ke nan.

Ka ce lambobin hannuna ne. To, ina da kwafinsu, don duk abin da na rubuta maka sai na sake rubuta shi da ajami a littafina. Buɗe naka, shekarar farko, wata na tara, rana ta goma sha bakwai. Ƙulli ashirin da uku. Ina tuna ranar sarai, don guga ta dawo da laka zalla, Mashkura ta tace ta da ɗankwali sau uku, da shi muka yi buɗa-baki. Wannan ne cikar rijiyar da kwamfutarka ta gani?

Ina jiran amsa ta hannun Kure.

Gwaggonka,
Batulu

*

Tungar Ɗorawa
28 ga Jimada Sani, 1447

Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan shirun naka na lafiya ne.

Wata guda da kwana uku ke nan. Na hau tudun masallaci da wannan gwiwar sau biyu, na kira, wayarka tana cewa wani abu da Turanci. Kure ma ban sa shi a ido ba, sai ɗan'uwansa da ya zo ɗaukar doya, shi zan ba wannan.

In maganata ce ta yi maka zafi, ni uwa ce, ina da damar faɗa. In kuwa karatu ne ya yi yawa har babu lokacin layi biyu, to Allah ya sa albarka a karatun.

Rijiya ta fara ja da baya. Jiya ƙulli goma sha ɗaya. Eh, har yanzu ina aunawa, ban san wa nake auna wa ba. Mata uku sun daina zuwa karatu. Ba wadda ta ce mini komai, sai dai idan na fito da igiya da safe hira takan tsaya. An ce wai an ce na rubuta muna da ruwa don a yabi ɗana a birni. Shekara ashirin da biyu ina garin nan ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, yau igiyarka ta ja mini.

Christiana ce kaɗai take rakiyata bakin rijiya. Ta ce, “Ni na ga kana auna. Ko kotu ne zan je.” Ka ji wadda ba danginka ba.

Janairun nan naku, na tambayi Mashkura, ta ce saura kwana goma sha biyu ya kama.

Batulu

*

Zariya
27 ga Disamba, 2025

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Wallahi ban yi fushi ba. Motar Kure ce ta lalace, ta yi sati biyar a gareji da takardarki a aljihun gaba. Shekaranjiya aka kawo mini duka biyun a tare. Waya kuwa kashe ta nake yi ina rubutun kundi. Ki yafe mini wannan, da kuma tambayar da na yi miki.

Na buɗe littafinki, wata na tara, rana ta sha bakwai. Ƙulli ashirin da uku, kamar yadda kika ce. A kwamfuta an shigar da shi 17 ga Satumba, tsakiyar damina. Sai na sake karanta layinki: “da shi muka yi buɗa-baki.” Na daɗe ina kallon layin.

Gwaggo, watan Musulunci kika rubuta. Wata na tara a wurinki Ramadan ne, a wurinmu Satumba. Watanni na biyu, na uku da na huɗu da muka ɗauka rani ne, Safar ne da Rabi'u biyu, kuma a shekarun nan cikin damina suka faɗo. Mun ɗauki daminarku muka mai da ita rani. Da an juya daidai, ku ne na huɗu a wahala cikin arba'in.

Akwai abin da ya fi wannan, gara ki ji daga bakina. Lokacin da ake shigar da littafinki, kwamfuta ta ƙi karɓar wata rana: talatin ga wata na biyu. Fabrairu ba ya kai talatin. Aka nuna mini, na yi dariya na ce tsufa ne, na goge da hannuna. Amma ke ma, Gwaggo, fisabilillahi, wa yake rubuta watan Musulunci a fom ɗin bincike?

Na sami farfesana. Shawararsa ita ce a cire rijiyarku daga lissafin gaba ɗaya, a ce awon bai inganta ba, a bar talatin da tara. Ba ƙarya ba ce, ana yin haka. Jerin goma sha biyar ɗin ba zai canja ba, kwamiti ba sai ya ji ba. Ya ce idan muka je muka ce mun yi kuskure, waɗanda dama ba sa son tsarin za su ce ga abin da bincike ke haifarwa, a koma rabon sanayya. Kuma kundina zai tsaya.

Na san wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi. Da zarar na gama zan bi su har sai sun zo Tungar Ɗorawa, na yi miki alkawari. Zan kuma rubuta wa mai unguwa cewa ba ki yi ƙarya ba. Ki ba ni wata uku kawai.

Ɗanki,
Muhyiddeen

*

Tungar Ɗorawa
14 ga Rajab, 1447

Ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da lafiya ce. Malam yana gaishe ka. Kure ya zo har gida ba da haƙuri da kwandon lemo, na ce motar ce mai laifi.

Bari in fara da nawa kason. Ka ce in rubuta wata da rana, na rubuta watan da na sani, wanda nake azumi da shi, nake ƙirga takaba da yaye da shi. Gurbin ƙarami ne, suna ba zai shiga ba, na sa lamba. Ya kamata in tambaye ka wanne kake nufi, ban tambaya ba. Wannan nawa ne, na yi istigfari, kuma na faɗa wa mata a makaranta jiya.

Ka ce wa yake rubuta watan Musulunci a fom. Ɗaga wannan takardar ka dubi samanta. Ɗauko sauran ukun. Ɗauko wadda na aiko maka ranar aurenka. Tun kana firamare kake ganin rubutuna, ka taɓa ganin Satumba a ciki? Ikon Allah, mutum ya auna rijiya arba'in bai auna gwaggonsa ba. Kuma rana ta zo maka da kanta tana ihu, talatin ga wata na biyu, maimakon ka tambaya sai ka ce tsufa. Shekarata hamsin da ɗaya, Muhyiddeen.

Shawarar farfesanka na gane ta. Ba ƙarya a ciki, amma kuma ba gaskiya. Awon ya inganta, karatunsa ne bai inganta ba. In ka rubuta cewa bai inganta ba, ka sake goge ni ke nan, wannan karon kana sane. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Takarda zuwa ga mai unguwa kuwa, na gode, amma sunana ba ya shiga tulu.

Duk da haka ba don wannan na zauna rubutu ba. Na yarda in haƙura wata uku in don ni ce. Wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Ranar da ka tara mu a Kuje kana koya mana zura igiya, mu arba'in, na lura da mutane. Yawanci malaman firamare ne da ma'aikatan asibiti. Amma akwai wani liman mai jan rawani da ya zauna a gaba. Akwai wani dattijo da ya tambaye ka ko zai iya rubuta lambobin da Larabci. Akwai Nazeefa, wadda muka yi salla tare, ta ce mini ita ma allo ta yi. Ka tambaye su wane wata suka rubuta? In ka cire tawa ka bar nasu, wa zai rubuto maka daga can? Su ba su da ɗa a Zariya.

Abin ba wuya. Buɗe littattafan nan talatin da tara. Nemi wanda bai taɓa rubuta talatin da ɗaya ba ko sau ɗaya, don watanmu ba ya kaiwa. In ba ka sami ko ɗaya ba, bi shawarar farfesanka, ba zan ƙara magana ba. In ka samu, ka san abin da ya rage, ba sai na faɗa ba.

Ka ce ana tsoron a daina yarda da bincike in an ji ya yi kuskure. Ni ban yi boko mai zurfi ba. Amma mai awon hatsi da ya kira ni ya ce mudunsa ya yi tawaya, ga cikon, wurinsa nake komawa har gobe.

Saura sati huɗu babu kaɗan.

Gwaggonka,
Batulu

*

Zariya
29 ga Janairu, 2026
11 ga Sha'aban, 1447

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jaririya ta fara rarrafe.

Uku ne. Liman ɗin, da Nazeefa, da wani da ke bayan Dei-Dei wanda ke ma ba ki lura da shi ba. Dattijon mai lambobin Larabci kuwa watan Bature ya bi. Kwana biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Yusra ce ta ce in ba zan je ba ita za ta kai littattafan.

Na juya kwanakin duka huɗun, na sake jeri, na rubuta takardar gyara da sunana ni kaɗai. Ranar Talata na tsaya gaban kwamiti. Ba zan ɓoye miki ba, na sha wanki. Wani ya ce dama ya faɗa, yaran jami'a ba su san ƙauye ba, a jefar da rahoton a yi rabo yadda aka saba. Na ɗauka an gama. Sai Rukayyat ta nemi izini, ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin wanda ya kawo kuskurensa da ƙafarsa ba, kuma da rabon sanayya aka yi, babu littafin da za a buɗe a gano an zalunci wani. Ta ba su labarin wata mata da ta yi azahar a barandarsu. Aka yi ta ja har la'asar.

An karɓi sabon jerin. Tungar Ɗorawa ta shiga, da sauran ukun. Ƙauyuka huɗu da ke ƙarshen tsohon jerin sun fita, an ce sai zagaye na biyu. Sun kuma ce daga yanzu kowane fom zai zo da gurbi biyu na kwanan wata, kuma ba a goge lambar kowa sai an tambaye shi.

An ɗage kare kundina sai bayan damina, dole in sake babi uku. Farfesa yana amsa gaisuwata da ka. Aikin da aka yi mini maganarsa a Abuja, na ji an ba wani.

Ban san ko daɗi nake ji ba, Gwaggo. Na dai iya cin abinci.

Ɗanki,
Muhyiddeen

*

Tungar Ɗorawa
6 ga Ramadan, 1447
23 ga Fabrairu, 2026 (Mashkura ta duba mini)

Ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Muna lafiya, Malam yana azuminsa lafiya lau. Ka ce wa Yusra na aika mata da daddawa da man ja, kuma na san abin da ta yi.

Na yi kuka da na karanta maganar aikin. Ba zan ce maka ba komai ba, don da komai. Allah ya musanya maka da wanda ya fi shi. Malam ya karanta takardar a masallaci bayan azahar, duk da na ce kada ya yi.

Makon jiya masu safiyo suka zo da na'ura, suka zagaya, suka kafa turke mai jan fenti a bayan makarantarmu. Sun ce motar haƙa sai bayan salla. Wace sallar, ba su faɗa ba, ni kuma yanzu na koyi tambaya, na tambaya, suka ce ƙarama. To. Rijiya tana ƙulli goma sha tara, ranin bana dai a rafi za mu ƙarasa shi. Christiana kullum sai ta tsaya ta gaida turken: “Oga, ina kwana, yaya ruwa?” Matan nan uku sun dawo karatu.

Ƙauyuka huɗun da aka cire, aiko mini da sunayensu. Su ma an tara su a gindin wata bishiya an karanta musu takarda, na san yadda abin yake. Ina so in riƙa sa su a addu'a da suna, kuma in riƙa tuna maka da su har zagaye na biyun nan ya zo, don na ga alama kai sai da tuni.

Sai abu na ƙarshe. A saman takardarka ka rubuta 11 ga Sha'aban. Na ji daɗin ganinsa, har na nuna wa Malam. Amma a lissafina ranar goma ga wata ne. Wayarka ce ta gaya maka, ko kuwa ni ce na yi kuskuren kwana ɗaya?

Ban goge ba, ban gyara ba. Tambayarka nake yi.

Gwaggonka,
Batulu